Kugen Meshak da Murfin Tukunya

Duk wanda ya taɓa zama a Kafanchan ta wajen tashar jirgin ƙasa ya san Meshak, in ma bai san fuskarsa ba, to ya san ƙararsa. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga, amma in ka kira shi mai gyara sai ya waiga baya kamar da wani kake. Shi makaɗi ne, kuma ba irin makaɗan biki ba. Na kilasika ne, wato kiɗan nan na Turawan da, wanda jama'a ke zama su yi tsit kamar masu jiran likita, masu goge suna ja, masu ƙaho suna hurawa, wani mutum yana tsaye a gaba yana kaɗa 'yar sanda.

Abin kiɗansa gado ne. Mahaifinsa ya yi aikin reluwe, ya yi kiɗa a ƙungiyar ma'aikata, da ya rasu ya bar masa wata baƙar kwat mai jela biyu da wasu faranti biyu na tagulla da ake gwarawa. A coci kuge ake ce musu. Meshak kuwa simbal yake cewa, kuma yana gyara wa duk wanda ya ce kuge, har da fasto. A duk garin babu mai irinsu sai shi. In aka yi taron kiɗa, aikinsa bai wuce bugu ɗaya ba, amma in yana ba da labari sai ka rantse shi kaɗai aka zo kallo.

“Duk waɗancan masu goge da ƙaho share mini hanya suke yi,” in ji shi. “Su yi ta fama, su yi gumi, in sun gaji ni in zo in rufe magana.”

Wadda ta fi kowa shan wannan bayani ita ce matarsa Zigwai, wadda ko shekara ba ta yi a gidan ba. Ba ta da yawan magana. In baƙo ya shigo idonta yana ƙasa, amma ba abin da ke wuce ta.

Ƙungiya biyu ke wannan kiɗa a garin. Akwai ta Oga Ndubuisi, kwayamasta, wato shugaban mawaƙan wata coci da ke daf da tasha, wanda mawaƙansa yawanci jikokin ma'aikatan jirgi ne. Akwai kuma ta Malam Kumai, tsohon malamin kiɗa da ya yi ritaya, mai masu busa ƙaho, a ɗakin taron wata makaranta da ke tsallaken layin dogo. Mutanen nan biyu in sun haɗu a hanya gaisawa suke har da tambayar iyali, in sun rabu kowa ya yi tsaki. Kowace shekara kafin Kirsimeti kowa yakan yi nasa taron a Asabar dabam, Meshak ya buga wa wannan, ya buga wa wancan. Bana sai suka ɗauki Asabar ɗaya, yamma ɗaya, kuma kowa ya ce shi ya riga.

Oga Ndubuisi ne ya fara zuwa gidan. Zigwai tana bayan labule tana tsince acca.

“Meshak, ni ba na son dogon magana,” in ji shi, ko zama bai yi ba. “Asabar kana wurina ko kana wurin Kumai?”

“Haba Oga, wannan ma tambaya ce? Babana da babanka tare suka sha hayaƙin jirgi.”

“To. Waƙa na farko da kugenka zai buɗe. Ka kawo shi ya kwana a coci tun Jumma'a, in gan shi da idona. In ka yi mini wasa, ba za ka sake tsayawa bayan kwaya na ba har Yesu ya dawo.”

Bai daɗe da fita ba sai ga Malam Kumai da sandarsa, dogon tsoho mai magana a hankali kamar ba ya son tada kowa.

“Ɗana, na gayyato masu goge daga Jos, mutane ne masu karatun abin. Waƙarmu ta ƙarshe ba ta rufuwa sai da kugenka.”

“Simbal, Malam.”

“Da shi ɗin. Na koya wa mutanena su riƙe murya ta ƙarshe, ko rufin ɗaki ne ya faɗo kada wanda ya saki sai sun ji ƙararsa. Na ji an ce Ndubuisi ya zo nan.”

“Wa? Mai kwayar nan? Fankarsa ya kawo. Malam, ai su ihu suke yi da sunan waƙa.”

“Madalla. Ka kawo mini kayan su kwana a wurina. In ba ka zo ba ranar, kada ka wahalar da ƙafarka wata rana.”

Da ya tafi, Zigwai ta ɗaga labule kaɗan.

“Maigida, wurin wa za ka je?”

“Duka.”

“Ai lokaci ɗaya ne.”

“Ke matsalarki ba ki san kilasika ba. Oga a farko yake so na, Malam a ƙarshe. In buga a coci, in hau mashin, in tsallaka layi, in buga a makaranta. Mutum ɗaya, taro biyu. Za a daɗe ana maganar a garin nan.”

“Kowa fa ya ce kugen ya kwana a wurinsa.”

“Su nawa ne?”

“Biyu.”

“Simbal nawa ne?”

Nan take Zigwai ta ga inda aka dosa. Ranar Jumma'a Meshak ya zauna a tsakar ɗaki ya raba gadon ubansa. Ɗaya ya sa a jakar fata tare da tiren shayi don a ji nauyi, ya kai coci. Ɗayan ya haɗa da kwalin da ya yanke zagaye, ya naɗe da tawul, ya kai makaranta. Ya gargaɗi kowannensu kada a buɗe, wai iska tana shanye muryar tagulla.

“To da me za ka gwara,” in ji Zigwai da ya dawo, “tunda kowane wuri guda ɗaya ne?”

Meshak ya waiga. Idonsa ne ya tafi kan murhu, ya sauka a kan babbar tukunyar dalma da mahaifiyarta ta sayo mata daga Kasuwan Magani lokacin aure. Zigwai ta matsa ta tsaya tsakaninsa da tukunyar, amma tsayuwar mai kunya ba ta tare komai.

Ya kwaso duk murafun gidan ya fito tsakar gida gwaji, yana buga kowanne da bayan ludayi yana kara kunne. Kaji suka watse, karen maƙwabta ya kama haushi. Iya mai masa, tsohuwar da ke suya a ƙofar gidan tun kafin a haifi Meshak, ta leƙo da matsami a hannu.

“Lafiya? Na ɗauka mai gwangwan ne ya kife da kurarsa.”

“Gwaji nake, Iya. Ke ba za ki gane ba.”

“Na gane mana, Farfesa. Yau ba abinci a gidan nan. Amarya, kina tsaye yana kashe miki kayan aure?”

“Ya ce zai dawo da shi, Iya,” in ji Zigwai, da kyar ake jin ta.

“Haka na ce wa mai shago ranar da na ari kujerarsa. Ga ta can ina zaune a kai.”

Babban murfin ne ya ci jarrabawa. Sai dai fari ne, kuge kuwa ja. Don haka ranar Asabar da hantsi Meshak ya ɗauko fentin ruwan gwal da yake shafa wa tsofaffin fankoki, ya maka masa, ya ga bai yi ba ya ƙara, ya sake ƙarawa har fentin yana ɗiga. Da yamma ta yi, murfin yana ƙyalli kamar kofin gasar ƙwallo, amma in ka taɓa sai yatsanka ya zauna.

Ya sa kwat mai jela, ya sa farar safar hannu. Aikin Zigwai shi ne ta riƙe murfin a ɓoye cikin zani har lokacin bugu. Ta so ta ce ba za ta iya shiga taro da murfin tukunya ba, amma kafin ta haɗa maganar a bakinta Abdu mai acaɓa ya iso.

“Farfesa, mu uku har da murfi?”

“Kayan kiɗa ne.”

“To a gaya wa kayan kiɗan ya daina shafa mini fenti a riga.”

A coci mawaƙa sun jeru cikin dogayen riguna, jama'a sun cika benci, amma ba a fara ba. Shugaban taro, wani babban dillalin citta daga Kachia, bai iso ba, Oga Ndubuisi kuwa ba ya ɗaga sanda sai kujerar gaba da mutum. Meshak ya tsaya a bayan mawaƙa da ƙafa ɗaya a kan jakar fata kada wani ya yi gangancin buɗewa. Zigwai ta maƙale a waje jikin taga, tana jin zaninta yana manne wa murfin a hankali.

Ana nan ana jira, Abdu ya ɗauki wani fasinja ya kai tsallake, ya dawo ya raɗa mata cewa can makaranta an yi nisa. Mutanen Jos sun ce ba za su yi duhu a hanya ba, shi ya sa Malam Kumai ya fara tun rana tana sama. Zigwai ta ɗan ɗaga hannu ta taga. Meshak bai gani ba. Ta sake ɗagawa. Sai da Abdu ya danna ham har rabin coci suka juyo sannan ya fito yana dafe da ciki.

Suka tsallaka layi. A makaranta kuwa an kai wani wuri mai laushi, wata mata daga Jos ita kaɗai take jan goge, siririyar murya kamar zare, jama'a ko tari ba sa yi. Meshak ya ce wa Zigwai ta biyo shi ta ƙofar gefe. Ƙofar siririya ce, murfin kuwa na tukunyar biki ne.

Ƙwarang!

Kawuna suka juyo gaba ɗaya. Wani jariri ya tsala kuka. Malam Kumai bai waiga ba, kafaɗunsa ne kawai suka hau har kunne. Zigwai ta ji da ƙasa za ta buɗe da ta gode mata. Mai babban ƙaho ya miƙo wuya ya ce wa Meshak da sauran waƙoƙi kafin tasa.

“To ku ja su a hankali,” in ji Meshak, da raɗar da ta kai layi na baya. “Ina zuwa.”

Suka koma coci. Shugaban taro ya iso, har an ba shi abin magana don ya yi maraba da jama'a, shi kuwa ya kama tarihin cutar da ta ruɓar da citta, gona bayan gona. Meshak yana lallaɓawa zuwa wurinsa sai ya ji an kama jelar kwat ɗinsa.

“Ina ka je?” in ji Oga Ndubuisi.

“Ciki ne, Oga.”

“Cikinka yana hawan mashin?”

“Magani na je saya.”

“Tsaya a nan. Yana gamawa za mu fara.”

Daga gaba shugaban taro ya ce, “A taƙaice,” kowa ya gyara zama. Sai ya cire hularsa ya miƙa wa matarsa, ya naɗe hannun riga. Waɗanda suka san shi suka jingina da benci. Meshak ya dubi taga, ya ga Abdu yana nuna masa rana da ta kusa faɗuwa. Ya ja da baya, ya ja da baya, sannan ya zabura. Oga Ndubuisi bai saki ba. Aka ji kyat, Meshak ya fita da jela ɗaya, ɗayar tana hannun kwayamasta.

A mararrabar layi suka tarar wata babbar mota shaƙe da buhunan citta ta mutu a kan hanya, ta toshe ko'ina. Motar shugaban taron ce ma. Abdu ya ce ya san wata 'yar hanya ta bayan tsofaffin taragai, ya karkata kan mashin ya bi gefen dogo. Suna cikin tafiya taya ta daki ƙarfen layi, su ukun suka yi sama suka dawo. Murfin bai dawo tare da su ba. Ya zame daga hannun Zigwai, ya bar mata fenti da zani, ya sauka a kan gefensa ya kama gangara kamar taya, yana walƙiya, ya bi gangaren nan tiryan-tiryan, ya fasa wani shingen kara ya shige. Daga ciki aka ji gurnani.

Abdu ya kashe mashin.

“To Farfesa, nan iyakata. Ni da mashin ɗina muna nan sama muna yi maka fatan alheri.”

Meshak ya dubi Zigwai. Zigwai ta dubi takalmanta, ta ci gaba da dubansu har ya gane. Ya tattare jelarsa ɗaya ya gangara.

Murfin ya faɗa cikin kwamin dusa, wata ƙatuwar alade kuma ta riga ta ɗora hanci a kai tana lasa. Meshak ya ja, ita ma ta danne. Ya yi mata magana da Hausa, ya yi da Turanci, ya zame ya zauna a cikin caɓi. Ana haka sai ga mai aladun ta fito da taɓarya.

“Jama'a ku taho! Ɓarawon alade har da kwat!”

“Mama, ki tsaya, ni makaɗi ne!”

“Makaɗi a ɗakin alade? Su suka gayyace ka?”

“Kayan aikina ne ya faɗo!”

“Kayan aikinka murfin tukunya?” Ta ɗaga kai ta hango Zigwai a sama. “'Yar nan, mijinki ne wannan?”

Zigwai ta gyaɗa kai.

“Sannu,” in ji matar, ta sauke taɓaryar. “Ɗauki abinka ka tafi, ita abin da take gani ma ya ishe ta.”

Ya hauro da murfin a lotse, dusa ta manne a kan fentin ko'ina kamar tsiren da aka barbaɗe da ƙuli. A bayansa aladen ta leƙo ta shinge da hancin gwal. Abdu ya shimfiɗa buhu a kan kujera kafin ya yarda ya hau, duk hanyar kuma da baki yake numfashi.

Sun isa makaranta waƙar ƙarshe tana hawa. Ƙahoni suna tashi, goge suna bi, ganga tana rugugi, jama'a sun miƙe wuya. Wannan karon Meshak ya karɓi murfin da kansa ya bi ta tsakiya, mutane suna buɗe masa hanya da sauri, ba don girmamawa ba, warin ne ya riga shi. Zigwai ta tsaya a bakin ƙofa bayan wata mai goyo. Daga nan ta ga ya warware tawul, kwali ya faɗi ƙasa, kuge ɗaya ya fito. Ta ga Malam Kumai ya gani. Amma waƙa ta riga ta kai inda ba a komawa. Masu busa suka kama murya ta ƙarshe suka riƙe.

Meshak ya buɗe hannuwa kamar zai rungumi garin gaba ɗaya, kuge a dama, murfi a hagu, ya ɗaga haɓa, ya gwara.

Faf.

Ƙarar ke nan, kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Dusa ta tashi ta sauka a kan mutanen Jos, suka kama atishawa ɗaya bayan ɗaya. Hannun murfin ya rage a safar Meshak, murfin kansa kuwa ya tashi sama, ya juya, ya faɗa bakin babban ƙaho ya zauna daram. Mai ƙahon bai daina busa ba, sai dai yanzu abin da ke fita kamar tsohon janareta ne.

Kuma ba wanda ya saki. An ce musu sai sun ji kuge, wannan kuwa ko kurma ya san ba kuge ba ne. Suka ci gaba da riƙe muryar, kumatu suna kumbura, idanu suna fitowa.

A daidai nan babbar ƙofa ta buɗe, har ta kusa ture Zigwai. Oga Ndubuisi ne, kuge a hannu ɗaya, tiren shayi a ɗayan, jelar kwat a kafaɗa. Ashe da jawabi ya ƙare ya buɗe jakar fata. A bayansa mawaƙansa ne cikin dogayen riguna, ƙafafu duk ƙasa don da ƙafa suka tsallako layi, sai rabin jama'ar coci, sai shugaban taro can baya yana ƙarasa wa wani bayanin citta.

“Kumai! Kai ne ka sace rabin kuge na!”

Malam Kumai ya fizge ɗayan daga hannun Meshak. A ranar aka san tsohon yana da murya.

“Ni? Ni ma rabi aka ba ni! Da kwali!”

“Ni da tire!”

“Ya ce mini ihu kuke yi da sunan waƙa!”

“Ni ya rantse mini da hayaƙin jirgi!”

Duk wannan masu ƙaho suna nan a kan muryarsu, sun koma karɓa-karɓa, wannan ya ja numfashi wancan ya riƙe. Mawaƙan coci kuwa ba su iya jin an riƙe murya su yi shiru. Wata daga cikinsu ta kama, na kusa da ita ya ɗora, kafin ka ce me duk sun buɗe baki, manya da ƙananan muryoyi, ɗakin ya cika har tagogi suna karkarwa.

Meshak ya shiga tsakanin tsofaffin biyu yana ɗaga yatsa.

“Ku yi hankali, ba haka ake riƙe simbal ba. Ku bari in nuna…”

Su biyun suka juyo kansa lokaci ɗaya, kowa ya wurgo hannun da ke riƙe da kuge don ya nuna shi.

“Wannan ne!”

Meshak ya duƙa. Farantan biyu suka haɗu daidai inda kansa yake ɗazu.

Tun da aka kawo farantan nan Kafanchan ba su taɓa yin irin wannan ƙara ba. Ta tashi tas, ta cika ɗakin, ta fita ta tagogi, ta yi ta shiii a iska kamar ruwan sama a kan kwano. Masu busa suka saki tare, ganga ta rufe, mawaƙa suka sauke da Amin. Sannan jama'a suka miƙe gaba ɗaya, na makaranta da na coci, tafi har da guɗa. Matar nan ta Jos tana share dusa daga gira tana cewa ita duk yawonta ba ta taɓa ganin an rufe waƙa da kwayamasta biyu ba.

Meshak ya miƙe daga ƙasa, ya gyara jelarsa ɗaya, ya fito gaba ya sunkuya wa jama'a.

“Me kake yi?” in ji Malam Kumai.

“Karɓar tafi, Malam. Ai ni na tsara. Da ban raba simbal ɗin ba, yaushe za ku haɗu?”

Oga Ndubuisi ya dube shi, ya dubi kugen da ke hannunsa, ya dubi Malam Kumai.

“Malam, ashe abin ba wuya.”

“Ko kaɗan.”

“Baɗi mu yi tare. Zan aika garin Aba a kawo mana sabo. Kai ka riƙe ɗaya, ni in riƙe ɗaya.”

“Na yarda. Kai kuwa ɗana, ka ji abin da na gaya maka a gidanka.”

“Nawa ma ka ji,” in ji Oga Ndubuisi, ya ɗora masa jelar kwat a kafaɗa. “Har Yesu ya dawo.”

Mai babban ƙaho ya samu ya zaro murfin da kyar, ya kawo wa Zigwai. Ya lanƙwashe gida biyu, ba hannu, ga fenti ga dusa. Ta juya shi, ta sake juyawa. Sannan wadda ko gaisuwa sai an kara kunne ake jin ta ta ratsa taron nan har gaba, ta rusuna a gaban tsofaffin biyu, ta miƙa hannu biyu. Suka dubi murfin, suka dubi juna, kowa ya ɗora mata kugensa. Ta sa su a hammata ta fita.

Washegari bayan an taso daga coci, Meshak yana kwance yana tsara yadda zai ba da labarin, sai ya ji wata ƙara siririya daga tsakar gida. Ya fito. Gwaten acca ne a kan wuta cikin babbar tukunya, a samanta kuwa gadon ubansa ne zaune, ya rufe bakin ruf kamar don ita aka ƙera shi. Tururi yana fita ta ramin tsakiya, igiyar fatar da ke jikin kugen ta zama mariƙi.

“Zigwai! Simbal ɗin babana!”

Tana tsugune tana gyara itace, idonta a ƙasa.

“Murfi ne, Maigida. Ɗayan na ajiye wa miya.”

Iya ta leƙo da matsaminta.

“Kai, Amarya, murfin tagulla? Aure ya yi albarka.”

Meshak ya buɗe baki zai yi magana, sai gwaten ya tafaso. Kugen ya ɗaga, ya sauka, ya kama rawa a bakin tukunya yana wani shiii mai daɗi. Ya tsaya cak. Ya karkata kai. A hankali ya miƙa hannu ya ɗauki ludayi, ya ɗaga shi sama.

“Rage wutar kaɗan. Kaɗan. Haka. Iya, kin ji? Kin ji wannan? Ko a Jos ba kowa ke iya fitar da ita ba.”

“Na ji, Farfesa,” in ji Iya. “Ci gaba da kaɗawa. Yau ne karon farko da kiɗanka zai cika wa wani ciki.”